Tanka a tsakar gida: daga ƙwayar iri har zuwa tukunyar miya

Kowace shekara, da zarar bazara ta kankama har zuwa tsakiyar damina, kuka ɗaya ake ji bakin mata in an dawo daga cefane: kayan miya sun yi wuta. Kashin attaruhun da a watan Janairu yake isar miyar kwana biyu, sai ya koma ƙwaya huɗu ko biyar, wasu ma sun fara laushi. Dalilin sananne ne. Garake na noman rani sun kai ƙarshe, rijiyoyi sun ja baya, zafi ya kakkaɓe fure, na damina kuma bai kai ga nuna ba. A wannan tsakanin, gidan da ke da gindi biyar ko shida na tanka a bayan ɗaki, da kwalba guda ta busasshe, sai dai ya ji labarin tsadar a bakin maƙwabta.

Shi ya sa yau muka ɗauko wannan batu tun daga tushe: yadda ake fidda iri, a rene shi, a dasa, a kare shi daga ƙwari, sannan a kai shi tukunya ta hanyar da za a ji daɗinsa ba tare da an cutu ba. Ba sai mutum yana da fadama ba. Tsohon bokiti da buhun shinkafa ma gona ne ga wanda ya san yadda ake yi.

Wane ne wane a cikin dangin yaji

Abin da mutanen Kano ke kira barkono, da yawa daga cikinmu a nan tanka ko tonka muke cewa. Dangin suna da yawa, amma uku ne suka fi shiga tukunyarmu. Akwai ƙaramin tanka siriri, irin su tsiduhu, wanda ake busarwa a daka yaji. Akwai attaruhu mai ƙumburi kamar ƙaramar fitila, ja ko ruwan ɗorawa, mai zafi da ƙamshi tare. Sai tattasai, babban yayansu mai sanyin hali, wanda aikinsa ba miya launi da kauri.

Duk da yadda suka zama ƴan gida, asalinsu ba nan ba ne. Daga nahiyar Amurka suka fito, yankin Meziko da ƙasashen kudu da ita, kuma sai bayan shekarar 1492 jiragen ruwan Turawa, musamman na Fotugal, suka baza su a Afirka da Asiya. Kafin nan kakanninmu da citta da kimba da masoro suke ɗora yaji a abinci. Yau kuwa, jihar Diffa ta yi suna da tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu Yobe, har ana yi masa kirari da jan zinare. Lokacin da matsalar tsaro ta sa aka hana cinikinsa a 2015, kafin a ɗage hanin a 2017, gidaje masu yawa a can sun ji a jikinsu. A Jiratawa kusa da Maraɗi, da koramun Damagaram, da kwarin Maggiya da na Tarka a jihar Tawa, da garaken bakin kogi a Yamai, duk ana noman waɗannan kaya. Abin da manoman can ke yi a fili mai faɗi, shi za mu ƙanƙanta mu kawo tsakar gida.

Iri shi ne rabin aikin

Wanda ya shuka iri maras kyau, ko ya kwana yana ban ruwa wahala kawai zai sha. Hanya mafi sauƙi ita ce a fidda iri daga ɗanyen attaruhu ko tanka wanda ya nuna sosai, ya yi ja jawur, babu tabo babu ruɓa. Kore bai ƙosa ba, ƙwayarsa ba ta cika tsirowa. In za a samu daga gindin da aka gani da ido, mai lafiyayyen ganye da yawan ƴaƴa, ya fi na kasuwa da ba a san uwarsa ba.

A tsaga shi da wuƙa, a kankaro ƙwayoyin a kan faranti ko takarda, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har kwana biyar zuwa bakwai. Kada a shanya a kan kwanon rufi da tsakar rana, zafin yana kashe ƙwayar. Wannan ne ma ya sa irin da aka ciro daga busasshen tankan kasuwa yake yawan ba da kunya, don ba a san irin zafin da ya sha wurin shanya ba. In ya bushe a zuba a takarda, a sa cikin kwalba mai murfi, a ajiye wuri mai sanyi da duhu. A haka yana iya kaiwa shekara biyu zuwa uku, amma kowace shekara ƙarfinsa raguwa yake.

Ga gwajin da ba ya cin ko dala: a ƙirga ƙwaya 10, a naɗe a tsumma mai laima, a sa cikin leda a ajiye a ɗaki, ana dubawa kada tsumman ya bushe. Bayan mako biyu, in bakwai ko takwas sun fasa, irin mai kyau ne. In biyu ko uku ne kawai, a nemi wani tun lokaci bai ƙure ba.

Abu biyu kuma a sani. Irin da ake sayarwa a ƙunshe, wanda aka rubuta F1 a jikinsa, yana ba da amfani mai kyau a shukar farko, amma in aka ciri iri daga ƴaƴansa aka sake shukawa, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba. Na biyu, in tattasai da tanka suna kusa da juna, ƙudan zuma na iya haɗa furensu. Ƴaƴan bana ba za su canza ba, amma irin da aka ajiye na iya fitar da tattasai mai yaji a baɗi.

Lokacin shuka

Tanka ɗan ɗumi ne, amma ba ya son wuta. Ƙwayarsa ta fi tsirowa in zafin ƙasa yana tsakanin digiri 25 zuwa 30. In zafin rana ya zarce digiri 35 yana daɗewa, fure yakan zube kafin ya ɗaura ɗa. Kowa kuma ya san abin da Afrilu da Mayu ke yi a Tawa da Damagaram da Yamai, inda ma'auni ke haura 40.

Don haka lokaci biyu ne suka fi dacewa da mu. Na farko ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba: a yi reno, a dasa a Nuwamba, shuka ta yi fure cikin sanyi, a yi ta tsinka har bazara ta shigo, a busar da rarar don watannin tsada. Na biyu Mayu zuwa farkon Yuni: a yi reno a inuwa, a dasa in ruwa ya zauna. Wanda ya bari sai tsakiyar ɗari, Disamba ko Janairu, zai ga tsiro ya yi nawa saboda sanyin dare, sannan furen ya faɗa daidai bakin zafi.

Reno

Ba a watsa irin tanka kai tsaye kamar yakuwa. Sai an rene shi a ƙaramin wuri, abin da ma'aikatan gona ke kira pepiniyar. A gida, tsohuwar roba mai faɗi ko kwanon da ya huje ya isa, in dai ruwa na fita ta ƙasa. A haɗa ƙasa mai yashi-yashi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tankaɗe tsakuwa. Takin ya zama wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙone tsiro yake. Masu garka sukan tara kara su ƙona a kan fangalin reno kafin shuka, don zafin ya rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A gida ma ana iya yin haka.

A jiƙa irin a ruwa ya kwana, da safe a ja layi da yatsa, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba, a jera ƙwayoyin da ɗan tazara, a rufe da ƙasa mara nauyi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, a yayyafa ruwa a hankali da gwangwanin da aka huhhuda, safe da yamma. Ƙaramin tanka da tattasai sukan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attaruhu kuwa sarkin nawa ne, yana iya kai mako uku ko fiye. Mutane da yawa a nan suke fid da rai su zubar da ƙasar, alhali saura kwana kaɗan ya fito.

Da zarar an ga tsiro, a ɗauke ciyawar, a yi ƴar rumfa a sama yadda zai sami hantsi amma ya tsira daga ranar azahar. A rage ruwa kuma. Laima mai yawa tana kawo cutar da ke sa gindin tsiro ya yi siriri ya yi baƙi, da safe a tarar ya kwanta. In akwai tsohon gidan sauro da ya yage aka daina kwana ciki, a wanke a lulluɓe renon da shi: yana tsare farin ƙuda, da ƙadangaru, da kaji. Tsoho muka ce. Sabon da aka raba don zazzaɓin cizon sauro na kan gadon yara ne.

Dashe

Bayan kwana 35 zuwa 45, in tsiro ya yi ganye biyar ko shida kuma ya kai tsawon yatsa ko ya ɗan fi, ya isa dashe. Mako guda kafin nan a riƙa janye rumfar kaɗan-kaɗan don ya saba da rana. Ranar dashe a jiƙa renon sosai, a ciro kowane da ƙasarsa ta hanyar sa cokali a ƙarƙashi. Kada a fizgo shi ta wuya. Da la'asar ake dashe, don ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana.

In a ƙasa ne, a bar kamar santimita 50 tsakanin gindi da gindi. Attaruhu ya fi baza rassa, a ƙara masa. In a mazubi ne, kowane gindi da nasa: bokiti, ko bidon mai lita 20 da aka yanke kansa, ko buhu da aka naɗe bakinsa, zurfin ƙasar ya kai santimita 30. A huda ƙasan, a zuba ƴan tsakuwa ko gutsattsarin tukunya kafin ƙasa. A guji bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji. A ajiye mazubin inda rana ke samu daga safe zuwa wajen azahar, kamar gabashin ɗaki ko gefen inuwar bishiya, kuma a kewaye da ƙaya ko tsohuwar raga, don akuya ba ta san yaji ba in ganye ne.

Kada a dasa tanka a gurbin da aka cire tumatir, ko yalo, ko dankalin Turawa. Dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kuma tana kwana a ƙasa tana jiran na gaba.

Ruwa da taki

Mun san ruwa ba arha ba ne, musamman ga mai saye wurin ƴan garuwa. Gindi ɗaya a bokiti yakan sha lita ɗaya zuwa biyu a rana gwargwadon zafi, kuma ba sai sabon ruwa ba. Ruwan da aka wanke shinkafa ko hatsi ko ganye, da ruwan alwala, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo ko jabel, da ruwan wanke-wanke mai gishiri da maiƙo. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba, da sassafe ko bayan la'asar. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe.

Abin da tanka ya fi ƙi shi ne yau ambaliya gobe ƙishirwa. Wannan ne ke sa fure zubewa, ya kuma sa ƙasan ɗan ya yi baƙin tabo ya ruɓe, musamman a tattasai. Kafin a ƙara ruwa a tura yatsa cikin ƙasa. In da laima a bari sai an jima.

Kowane mako uku a barbaɗa tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kewayen gindin, a ɗan tona a rufe. Ƴar tokar murhu kaɗan tana taimakawa lokacin fure. Mai takin zamani ya yi hattara da ure: in ya yi yawa shuka za ta yi ganye shar kamar a ɗauki hoto, amma ƴaƴa sai a ƙirga da yatsu.

Maƙiyan tanka

A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa ko sau biyu a mako, don can ɓarayin suke ɓuya. Akwai darɓa, ƙananan ƙwari masu taruwa a kan sabon toho suna barin danƙo, wanda ke jawo tururuwa. Akwai farin ƙuda, ɗan mitsitsi mai tashi kamar gari in an girgiza shuka. Akwai jan gizo-gizo da ido ke gani da ƙyar, mai son zafi da ƙura, wanda ke sa ganye ya yi fari-fari ya bushe. Darɓa da farin ƙuda ba tsotsa kawai suke ba, suna ɗauko cutar da ke sa ganye ya murɗe ya ƙanƙance, shuka ta tsugune. Wannan cuta ba ta da magani. Gindin da ya kamu a tuge shi a ƙona, kafin ya shafa wa sauran. In kuma shuka tana yaushi alhali akwai laima, aka tuge aka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani: a zubar da wannan ƙasar nesa, a sake sabuwa. Mai shan taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shukar, don akwai cutar ganyen taba da ke kama tanka.

Maganin da ya fi dacewa da gida yana bakin ƙofarmu: ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. A daka busassun ƙwayoyin kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Mai gindi biyar sai ya rage, giram 50 a lita ɗaya. A haɗa na ranar kawai, don ba ya ajiyuwa.

Muna roƙo da babbar murya: kada a ɗauko piya-piya ko wani maganin da ake sayarwa a kwalba babu takarda a fesa wa abin da za a ci jibi. A tsakar gida yara na wasa, kaji na kiwo, tukunya na kusa. Wanda ya ga lalle sai maganin zamani, ya je wurin ma'aikacin gona na karamar hukumarsa a nuna masa wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya amince da shi, kuma ya kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Tsinka da ajiya

Wata biyu zuwa uku bayan dashe ake fara tsinka, attaruhu yakan ɗan ƙara. A tsinke da ɗan karansa, kada a fizga reshe ya tsage. Yawan tsinka yana sa sabon fure. Kuma tanka ba ɗan shekara ɗaya ba ne: in ya tsufa ya rage haihuwa, a datse rassan a bar kamar taki ɗaya na hannu, a ƙara taki, a jawo shi inuwa ya ƙetare bazara, damina na sauka zai sake toho.

Wurin shanya ne ake asarar da ba a gani. Tankan da aka baza a ƙasa ko a bakin kwalta yana kwasar ƙura da kashin dabbobi, wanda kuma aka ɗure bai gama bushewa ba yana yin fumfuna. Wasu nau'in fumfunar suna fitar da gubar da ake kira aflatoksin, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa ko gado, ana juyawa, a shigar da shi ɗaki da dare. Attaruhu yana da tsoka, sai an tsaga shi biyu. Ya bushe in an girgiza aka ji ƙwayoyin na kaɗawa, aka lanƙwasa ya karye. Duk wanda aka fasa aka ga baƙi ko toka-toka a ciki a jefar, kada a ce ai daka shi za a yi.

Ina yajin yake zaune

Yawancinmu mun taso muna jin cewa ƙwayoyin ne ke da yaji. A gaskiya sinadarin da ke kawo zafin, kafsaisin, ya fi taruwa a farar jijiyar nan ta ciki wadda ƙwayoyin ke manne da ita. Mai son ƙamshin attaruhu ba tare da hawaye ba, sai ta tsaga ta kankare farin ta wanke kafin ta jajjaga. Wata dabarar ita ce a jefa attaruhu guda bai fashe ba cikin miyar guro ko ta kuka, ya ba da ƙamshi, a tsame shi kafin a kaɗa. Mai son zafi a gidan sai a ba shi ya murje a nasa kwanon, kowa ya huta.

Tun 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin zafin yaji. A wannan ma'auni babban koren tattasai maras yaji yana kan sifiri, dangin attaruhu kuwa suna tsakanin 100,000 zuwa 350,000. Shi ya sa ƙwaya ɗaya ke isar tukunyar gida guda.

Kafsaisin yana narkewa a mai, ba ya narkewa a ruwa. Wannan ya bayyana abubuwa da yawa da mata suka sani a aikace. In aka soya tanka a mai tun farko, yajin zai game miyar ko'ina. In baki ya ɗauka, ruwa sai dai ya ƙara baza shi, amma nono ko madara ko lomar tuwo suna kwantar da shi. In miya ta yi yaji fiye da ƙima, a ƙara markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko tumatir da albasa, ko a matsa lemun tsami. Hannun da ke raɗaɗi a shafa masa man gyaɗa, sannan a wanke da sabulu.

Yaji biyu da kowane gida zai iya

Na farko garin yaji, abokin tsire da balangu da awara da ɗan wake da shinkafa da wake. A ɗauki gwangwanin tumatir ƙarami a matsayin ma'auni: busasshen tanka gwangwani biyu, busasshen tattasai ɗaya don launi, ƙuli-ƙuli uku, busasshiyar citta rabi, sai kanumfari da masoro da kimba kaɗan-kaɗan, da gishiri. A ƙara shanya su yini guda su yi ƙarau, a fara daka masu tauri, a tankaɗe, a kawo ƙuli daga ƙarshe don maiƙonsa kada ya sa garin ya dunƙule. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: gidan da ke da yara da tsofaffi sai a ƙara ƙuli a rage tanka. A ɗaura ƙyalle a hanci wurin daka, mai asma kuma ya yi nesa. Wanda ya daka nasa ya san abin da ke ciki, babu dusa, babu kalar da ba a san asalinta ba.

Na biyu soyayyen tanka na cin dambu da kopto da doya da taliya. Attaruhu biyar, tattasai uku, albasar Galmi manya biyu, tafarnuwa, da ƴar daddawa, ta kalwa ko ta batso. A jajjaga, a zuba a man gyaɗa, a soya a wuta marar ƙarfi ana juyawa har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. A sa gishiri, a bari ya huce, a zuba a kwalba busasshiya, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta. In babu firiji a yi na kwana biyu zuwa uku kawai, zafin garinmu ba ya barin irin wannan ya daɗe.

Maganar lafiya

Ɗanyen tanka da tattasai suna da bitamin C sosai, jajayen kuma suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga wake da zogale, abin da mata masu ciki da yara ke buƙata. Doguwar dafuwa da shanya suna rage shi, don haka yanka ɗanyen tattasai a kan kwaɗo ko dambu ba ado kawai ba ne.

Game da gyambon ciki, likitoci sun tabbatar cewa manyan masu haddasa shi su ne wata ƙwayar cuta da ke zama a ciki, da yawan shan wasu magungunan ciwon jiki barkatai. Yaji ba shi ke huda ciki ba, amma yana tayar da raɗaɗi ga mai gyambon, da mai ƙwannafi, da mai basir. Wanda ya ga yana damunsa ya rage, ya kuma je likita maimakon ya yi ta sauya miya. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na mintuna da yawa, kada a murza. Kuma tanka kayan miya ne: ba a horon yaro da shi, ba a ɗiga shi a ido ko a miki da sunan magani.

Wanda ke son gwadawa bana, ya fara da gindi biyar: attaruhu biyu, ƙaramin tanka biyu, tattasai ɗaya. In renon ya yi yawa, kuma yakan yi, a miƙa wa maƙwabta, ko a kai kasuwa, don masu garka na sayen dashe. Muna jiran jin yadda ta kaya a unguwanninku da garuruwanku, da irin dabarun da kuke da su waɗanda ba mu ambata ba, mu karanto su a shirinmu na noma da kiwo don kowa ya amfana. A yi shuka lafiya, a ci miya lafiya.